Filin Tambaya da Amsa: Sana'ar Sayarwa da Riƙon Manyan Kwastomomi

Wasiƙun wannan fitowar sun karkata ga aikin sayarwa a kamfanoni da karatun da ake yi dominsa. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su, ga amsoshinmu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama sakandare, ina son karatun da zai kai ni aikin sayarwa a babban kamfani. Mahaifina ya ce wannan ba ya buƙatar jami'a, iya baki ne kawai. Wane kwas zan nema?
Ɗalibi mai neman gurbi

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar Baba tana da ƙamshin gaskiya, domin kamfanoni da yawa suna ɗaukar mutum aikin sayarwa ba tare da sun damu da kwas ɗin da ya karanta ba. Batun iya baki ne muke da ja a kansa. Mai sayar wa kamfani injin masana'anta ko manhajar lissafi yana iya shafe watanni kafin a sa hannu a kwantiragi ɗaya, kuma a tsakani sai ya zauna da injiniya, da akanta, da lauya, da jami'in sayayya. Idan akanta ya ce yaushe injin nan zai mayar da kuɗinsa, lissafi yake jira.

Wani mai bincike kan harkar sayarwa, Neil Rackham, da abokan aikinsa sun bi diddigin zaman ciniki kimanin 35,000 cikin shekara 12, aka wallafa sakamakon a 1988. Sun gano cewa a babban ciniki, matsa wa mai saye ya yanke shawara nan take yana rage nasara, kuma gwanaye su ne masu iya tambaya: halin da kwastoma yake ciki, matsalarsa, asarar da matsalar take jawo masa, da amfanin da zai samu in an magance ta. Wannan koyonsa ake yi.

Hanyar da aka fi bi ita ce digiri ko difloma a fannin tallan kaya ko gudanar da kasuwanci. Wasu jami'o'in Amurka suna da sashen sayarwa na musamman, kamar Jami'ar Baylor da ta buɗe cibiyarta a 1985. Amma in zuciyarka tana ga injiniyanci, ilimin kwamfuta ko haɗa magunguna, bi can, ka ƙara darasin ciniki daga baya. Koya wa injiniya ciniki ya fi sauƙi a kan koya wa ɗan ciniki injiniyanci, kuma kamfanonin fasaha sun san haka.

Kafin ka biya kuɗin rajista, nemi jadawalin darussa. Duba ko ana gwajin ciniki a aji, inda malami zai zama mai saye, a ɗauki bidiyo, a zauna a yi gyara. Duba ko akwai darasin akanta, dabarun sasanta farashi da dokar kwantiragi, ko ana taɓa manhajar adana bayanan kwastomomi irin Salesforce ko HubSpot da hannu, da kuma ko makarantar tana tura ɗalibai sanin makamar aiki. Kwas ɗin da bai wuce haddar ma'anoni a allo ba, takarda kawai zai ba ka.

Tambaya: Shekara uku ina aikin jami'ar sayarwa, kuma ina cika abin da aka ɗora mini. Sau biyu na nemi matsayin manajan manyan kwastomomi, an ce ban shirya ba. Me ya rage?
Wata ma'aikaciya

Amsa: Malama, ki yi haƙuri, cika adadi shaida ce ta aikin da kike kai yanzu, wancan kuwa wani aiki ne daban. Jami'in sayarwa yana farautar sababbin kwastomomi da yawa, a auna shi da abin da ya kawo a wata. Manajan manyan kwastomomi yana iya riƙe uku ko biyar kacal, a auna shi da ribar da suka kawo cikin shekaru, da ko sun sabunta kwantiragi. A kamfanoni da yawa ƙalilan daga cikin kwastomomi ne ke kawo mafi yawan kuɗin shiga, abin da ake kira ƙa'idar 80 da 20 ta Pareto. Har ƙa'idar rahoton kuɗi ta duniya mai lamba IFRS 8 ta wajabta wa kamfanin da ke kasuwar hannun jari ya bayyana idan kwastoma ɗaya ya kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarsa. Kin ga ke nan me ya sa shugabanni suke taka-tsantsan kafin su damƙa wa mutum irin wannan amana.

Abin da zai canja ra'ayinsu shi ne su ga kin riga kin fara aikin. Ɗauki mafi girma cikin kwastomominki na yanzu, ki rubuta masa tsari na shafi biyu ko uku. Fara da yadda shi kansa yake samun kuɗi, da abin da ke damun shugabanninsa a bana. Sai abin da yake kashewa gaba ɗaya a kan irin kayanku, da kason da ya zo muku: in yana sayen 100 ku kuna ba shi 25, ina sauran 75 suke tafiya, kuma don me? Sai ribar gaskiya, bayan an cire ragi, jigila, kayan da aka dawo da su da jinkirin biya. Nan ne mutane da yawa suke shan mamaki, domin kwastoma mafi yawan oda yakan zama cikin masu ƙarancin riba.

Daga nan ki jera mutanen da ke cikin kamfanin: wa ke amfani da kayan, wa ke duba ingancinsu, wa ke riƙe da kasafi, wa ke da ikon cewa a'a, wa ke goyon bayanku, wa ya fi son abokin hamayyarku. Wannan ɓangaren ya fi kowanne muhimmanci a ganinmu. Masu bincike na makarantar gudanarwa ta Cranfield a Ingila, cikinsu har da Malcolm McDonald, sun bayyana yadda alaƙar kamfanoni biyu take farawa da mutum ɗaya a kowane ɓangare, mai sayarwa da jami'in sayayya, sannan ta girma har injiniya ya san injiniya, akanta ya san akanta, shugaba ya san shugaba. Alaƙar da ta tsaya a mataki na farko kamar guga ce mai igiya ɗaya. Ranar da aka canja wa jami'in nan wurin aiki, cinikin shekaru ya faɗa rijiya. Ki ƙirga mutanen da za su ɗaga wayarki a kamfanin. In ba su kai uku a sassa daban-daban ba, da sauran aiki.

Ki kuma san yadda mai saye yake kallonku. Tun 1983 wani masanin harkar sayayya, Peter Kraljic, ya ba sassan sayayya ma'auni biyu da har yau suke amfani da su: tasirin kaya a kan ribarsu, da wahalar samun madadinsa. Idan a wurinsu kayanku na kowa da kowa ne, duk ziyarar da za ki kai ba za ta hana su neman mafi arha ba. Babban kuskure ne a kira kwastoma babba alhali shi bai ɗauke ku da muhimmanci ba.

Ki rufe tsarin da ayyuka uku masu ranaku da sunan mai yin kowanne, ki kuma nemi zaman bitar aiki da kwastoman duk bayan wata uku. Sai ki kai wa shugabanki, ki roƙi a haɗa ki da wani manaja ki riƙa taya shi. A nan za ki gane cewa rabin aikin a cikin gida yake: shawo kan sashen jigila, sashen kuɗi da masu gyara su cika alkawarin da aka ɗauka, alhali babu ko ɗayansu da ke ƙarƙashinki.

Tambaya: Babban kwastomanmu ya ce ko mu rage kashi 10 cikin 100, ko ya koma wani wuri. In amince?
Sabon manaja

Amsa: Kada ka ba da amsa a zaman da aka yi maganar. Koma ka yi lissafi tukuna. A ce kana sayar da abu a 100, ya tsaya wa kamfani a 70, riba 30. Ragin 10 ya mayar da ita 20, wato sulusin riba ya tafi, kuma sai ka sayar da guda 150 kafin ka samu abin da guda 100 suke ba ka a da. In ribar 20 ce tun farko, sai ka ninka cinikin. Ƙarin wa'adin biya ma ragi ne a ɓoye: daga kwana 30 zuwa 90, ga kamfanin da ke cin bashi da ruwan kashi 12 a shekara, ya kusa kashi 2 na kuɗin.

Sannan ka binciko dalilin. Wani ne ya kawo tayi, ko an umarci sashen sayayya ya rage kashe kuɗi, ko wani laifinku ne ya fusata su? Na ƙarshen nan ragi ba ya warkar da shi. In dole sai an rage, kowane ragi ya zo da musanya: kwantiragin shekara biyu, ƙarin adadi da aka rubuta, biya da wuri, ko haɗa oda don rage jigila. Abin da ya fi tsari shi ne a biya ragin a ƙarshen shekara bayan adadin ya cika, domin alkawarin baka na ƙarin oda sau da yawa ba ya tabbata. Ka san iyakar da ba za ka sauka ƙasa da ita ba, shugabanka ya amince da ita kafin ka koma teburi.

Tambaya: An yi mini tayin aiki, albashi kaɗan, kamasho mai tsoka. Yaya zan gane ko tayin na kirki ne?
Mai neman aiki

Amsa: Ɗan'uwa, nemi tsarin kamasho a rubuce, ka kuma yi tambayoyi. Mutum nawa cikin ma'aikatan suka cika adadinsu bara? Yaushe ake biya, ranar sa hannu ko sai kuɗi ya shigo? In kwastoma ya fasa, ana ƙwace abin da aka ba ka? Akwai sassauci a watannin farko? Albashin tushe ya isa ya riƙe ka tsawon lokacin da ciniki ɗaya yake ɗauka?

Ka auna adadin da kanka. A ce ana son ciniki 12 a shekara, ana cin ɗaya cikin huɗu, kana buƙatar dama 48. In zama ɗaya cikin uku ne ke zama dama ta gaske, zama 144 ke nan, kusan uku a mako. Tambayi wa zai samo maka su.

Tambaya: Jami'in sayayya na wani kamfani ya nuna mini cewa sai na "gan shi" kafin oda ta fito. Wai haka aikin yake?
Wata 'yar'uwa

Amsa: A'a, 'yar'uwa, wannan cin hanci ne. Amurka tana da doka tun 1977 a kan ba jami'an gwamnatocin waje toshiyar baki, Birtaniya kuma ta yi tata a 2010 wadda ta haɗa har da cinikin 'yan kasuwa, kuma tana iya kama kamfani kan abin da wakilinsa ya aikata a wata ƙasa. Kada ki yi masa alkawari. Ki rubuta ranar da abin da ya faɗa, ki sanar da shugabanki ko sashen shari'a a rubuce, ki duba ƙa'idar kamfaninku kan kyauta. Daga yanzu duk zaman da za ki yi da shi, ki tafi da abokin aiki, kuma ki aika tayinki ta imel tare da sanya wani jami'in nasu a ciki.