"Harshe da haƙori" da "mijin-ta-ce"

Wata 'yar'uwa daga Zariya ta rubuto: "Malam, maƙwabciyata ta je gida da kumburin ido, aka ce mata tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Haka karin maganar ke nufi?"

'Yar'uwa, an ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba. Abin da take nufi shi ne komai kusancin mutane sai sun samu saɓani, kamar yadda ake cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Amma dubi hoton da kyau. Haƙori kan ciji harshe ne bisa kuskure, ana cikin tauna, kuma mai bakin ne ke fara jin zafin. Wanda ya naɗe hannun riga ya lakaɗa wa matarsa duka ba kuskure ya yi ba. Sannan kalmar "saɓawa" ta mutum biyu ce, tana raba laifi daidai. "Duka" kuwa yana da mai yi da wanda aka yi wa, shi ya sa masu sulhu ke kauce mata. Ko sunan tafiyar matar a kanta yake: "ta yi yaji". Shi mijin, abin da aka sa wa suna cikin aikinsa "biko" ne kawai.

Wasu kuma su ce "horo" ya yi mata. Wannan kalma har doka ta shiga: sashe na 55 na Final Kod, wato kundin dokokin hukunta laifuka da ya fara aiki a Arewacin Najeriya a 1960, ya bar wa miji ƙofar ladabtar da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba.

Wani daga Maraɗi ya tambayi asalin "mijin-ta-ce". Daga bakin mijin aka ɗauko ta: komai aka tambaye shi sai ya ce "ta ce". Lura, ba mu da "matar-ya-ce", don wannan ba a ɗauke shi abin faɗi ba. Kuma da wannan laƙabi ake rufe bakin namijin da matarsa ke duka. Ya kai kuka majalisa, a fashe da dariya, a ce an shanye shi. Dokar hana cin zarafi ta Najeriya ta 2015 dai ta hukunta dukan abokin aure ba tare da ta ware mace ko namiji ba.