Filin Kalmomi: Gini ko Jini?

Wani ɗalibi daga Mabera ya ce: "Malam, na ji a rediyo ana ta faɗin 'ma'aunin gini' a zancen talauci. Me ya haɗa magina da tattalin arziki?"

Ɗana, ba ruwan magina. Sunan mutum ne, Corrado Gini, masanin ƙididdiga ɗan Italiya da ya fito da ma'aunin a 1912. A bakin mutanensa ma "Jini" ake furta shi, ka ga mun kuɓuta daga tubali mun faɗa mahauta. Masu karanta labarai ke jawo ruɗanin: su ga baƙin suna a takarda su karanta shi kamar na gida, ba su tambayi kowa ba. Da sun ce "ma'aunin tazarar samu" da an huta.

Awon daga sifiri yake zuwa ɗari. Sifiri, kowa ya sami mudu daidai da na ɗan'uwansa. Ɗari, mutum guda ya kwashe hatsin gari duka. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya ba Najeriya 35.1, Afirka ta Kudu kuwa ta haura 60. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu cewa ma'aunin talauci ne. Tazara yake aunawa. Rahoton nan ya ce kusan kashi 88 cikin ɗari na mutanen jiharmu ta Sakkwato suna cikin talauci, amma da wani awo daban aka gano haka. Ƙauyen da kowa ke kwana da yunwa, Gini zai ce akwai daidaito a cikinsa.

Wata malamar makaranta daga Wurno: "Talaka da matalauci ɗaya ne?"

A'a, malama. Talaka shi ne wanda ba ya cikin sarauta, ko da yana da rumbu goma da garken shanu. Matalauci ne marar abin hannu. Amma a zancen yau da kullum an cakuɗa su.

Daga Illela an tambayi bambancin giɓi da tazara.

Giɓi gurbin abin da ya fita ne, kamar haƙori. Tsakanin mai kuɗi da marar shi tazara ce, ko rata.