Likita ya amsa: Ƙwaƙwalwa, tunani da hawan jini

Likita, zoɓo yana sauke hawan jini?

Yana ɗan ragewa, in ba a cika masa sukari ba. Amma ba ya maye gurbin magani.

Ina da juna biyu, an ba ni maganin hawan jini methyldopa, sai barci yake sa ni.

A ƙwaƙwalwa yake aiki, shi ya sa. Yawanci yakan lafa. Kada ki daina sha, ki gaya musu ranar awo. In kika ji matsanancin ciwon kai ko kina gani dishi-dishi, ki tafi asibiti ko tsakar dare ne.

Babana ya ce tunani ne ya sa masa hawan jini lokacin da kasuwarsa ta karye. Yanzu hankalinsa ya kwanta, ya ajiye magani, wanzami ke masa ƙaho.

Ɗana, wannan ta tayar min da hankali. Baba yana da gaskiya ta wani gefen. A gindin ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, akwai wurin da ke sarrafa ƙarfin jini. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna cewa in an ɗiga sinadarin glutamate a wurin, jini ya hau nan take. In wani sinadarin mai suna GABA aka sa, ya sauka. Daga can saƙo ke bin jijiyoyi, su saki sinadarin noradrenaline, hanyoyin jini su tsuke, zuciya ta ƙara gudu. Fargaba da ɓacin rai ta nan suke bi.

Sai dai ba tunani kaɗai ke taɓa wurin ba. A 1963, masana a Kyoto ta Japan suka samar da wani irin ɓera da jininsa ke hawa da kansa yayin da yake girma, yana ci yana sha, babu mai tsorata shi. Gado ne. Mu kuma ga gishiri, ga ƙiba, ga shekaru, ga ƙoda. Mutum na zaune lafiya lau, awon jininsa ya haura 140/90, wato ya shiga hawan jini, bai ji komai ba.

Shi kuwa ƙaho, wallahi na gaji da ganin ɓarnarsa. Hawan jini ba yawan jini ba ne da za a zuƙe a zubar. Sau nawa ake kawo mana dattijo da sawun ƙaho a ƙeya, baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye! Wasu magungunan ma, irin clonidine, in aka yanke su lokaci guda jinin kan yi tashin da ya fi na da.

Ka lallashi Baba, ka kai shi a auna shi gobe, ku tafi da kwalin tsohon maganin. In kafin nan maganarsa ta sarƙe ko hannu ya saki, kada ku jira gari ya waye.