Fatawa: Shugaba zai iya ƙwace gatan kamfani don ya soki dokarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a Amurka. Mun yi musu da abokina kan rigimar gwamnan Fulorida, Ron DeSantis, da kamfanin Disney. Kamfanin ya soki dokar da ta hana koya wa ƙananan yara zancen luwaɗi da sauya jinsi a aji, gwamna kuma ya ƙwace gatan da kamfanin ya daɗe yana ci. Ni na ji daɗi, na ce maganinsu ke nan. Abokina ya ce zalunci ne. Da shugaba Musulmi ne ya yi haka, mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kai da abokinka kowa ya kama wani gefe na gaskiya, amma kun cakuɗa mas'ala biyu.

Bari mu fara da abin da aka ƙwace. A 1967 majalisar jihar ta kafa gundumar Reedy Creek a kan fili mai kusan eka 25,000 kusa da Orlando, inda Disney ya gina wuraren shaƙatawarsa. Har zuwa 2023 kamfanin ne ke iko da hukumar gundumar a zahiri, ita kuma ke kula da hanyoyi, ruwa, lantarki, 'yan kwana-kwana da izinin gini. Wato ɗan kasuwa ya zama hakimin kansa. A fiƙihu wannan ya fi kusa da iƙɗa'i, kyautar fili ko amfani da shugaba ke yanka wa wani daga dukiyar jama'a. Irin wannan kyauta ba gado ba ce. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yanka wa Abyad bin Hammal gishirin Ma'arib. Da ya juya zai tafi, sai wani a majalisin ya ce, ya Manzon Allah, abin da ka ba shi kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda ba ya yankewa. Nan take Annabi ya janye kyautar, domin abu ne da kowa ke buƙata. Haka Sayyidina Umar ya ce wa Bilal bin Haris al-Muzani ya riƙe abin da zai iya rayawa daga filin Aƙiƙ, ya mayar da saura. Saboda haka da gwamna ya tashi wata rana ya ce bai dace kamfani ya riƙa ba kansa izinin gini ba, ya soke gatan bisa ƙa'ida, babu malamin da zai ce ya yi laifi.

Amma dubi dalilin janyewa a waɗannan ƙissoshi biyu: buƙatar jama'a a ɗaya, barin fili a banza a ɗayan. Babu wanda aka ƙwace wa don ya faɗi abin da shugaba bai so ba. Ƙa'idar malamai ita ce, duk abin da shugaba zai yi da al'amuran talakawa a rataye yake da maslaharsu, har Imam Shafi'i ya kwatanta shi da waliyyin maraya. Waliyyi ba ya taɓa dukiyar maraya don huce haushi. Abu Yusuf ma ya rubuta wa Haruna Rashid a Kitabul Kharaj cewa shugaba ba shi da ikon fitar da wani abu daga hannun kowa sai da haƙƙi tabbatacce sananne.

To yanzu lissafa kwanaki. Gatan nan ya shekara 55 ba a taɓa shi ba, kamfanin yana ta zuba wa 'yan siyasar jihar kuɗin yaƙin zaɓe. Ranar 28 ga Maris 2022 gwamna ya sa hannu a dokar makarantu, Disney ya fito ya ce zai yi aiki don a soke ta. Ranar 22 ga Afrilu, ko wata bai cika ba, aka sa hannu a dokar rushe gundumar. Biri ya yi kama da mutum. Ma'aunin da nake ba ka mai sauƙi ne: da kamfanin ya yabi dokar, za a taɓa shi? In amsar a'a ce, to ba maslaha aka duba ba, ramuwa aka yi da hatimin gwamnati.

Na san inda zuciyarka take. Maganar Disney ɓata ce, iyaye suna da haƙƙin tsare tarbiyyar 'ya'yansu, kuma Musulmi ba zai goyi bayan kamfanin a wannan ba. Sai dai Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Ayar ba ta ce sai in mutanen kirki ne ba. Khawarijawa sun katse wa Sayyidina Ali huɗuba a masallaci, suna ihun babu hukunci sai na Allah, suna kafirta shi. Ya ce musu suna da abu uku a kansa: ba zai hana su masallatai ba, ba zai yanke musu rabonsu na baitulmali ba muddin hannunsu na tare da Musulmi, ba kuma zai fara yaƙarsu ba. Ya mayar musu da hujja, ya aika Ibn Abbas ya yi muhawara da su, bai taɓa abincinsu ba.

Wanda ya yi hukunci cikin fushi kuma ba ya duba wanda sandar za ta faɗa wa. A lokacin gundumar na da bashin kusan dala biliyan 1, wanda zai iya komawa kan masu biyan haraji a ƙananan hukumomin Orange da Osceola, mutanen da ba su ci ba ba su sha ba. Dole aka sauya dabara a Fabrairun 2023: aka bar gundumar, aka sauya mata suna, gwamna ya naɗa mutum biyar na hukumarta. Shi ma Disney ba a bar shi a baya ba. Ana gab da miƙa mulki ya ƙulla yarjejeniya da tsohuwar hukumar da ke hannunsa, har aka ɗaure wa'adinta da rayuwar zuriyar Sarki Charles na Ingila. Wannan hila ce, kuma shari'a ba ta yarda mutum ya zama mai saye da mai sayarwa a kan haƙƙin jama'a ba. Daga baya kamfanin ya fasa wani gini na kusan dala biliyan 1 a Lake Nona wanda zai kawo ma'aikata wajen 2,000.

A Janairun 2024 alƙalin tarayya ya kori ƙarar da Disney ya shigar a kan gwamnan, ɗaya daga dalilansa shi ne, in doka ta inganta a rubuce, kotu ba ta bin diddigin niyyar waɗanda suka yi ta. A Maris Disney da sabuwar hukumar gundumar suka sasanta. Alƙali da zahiri yake hukunci, amma nasara a kotu ba ta wanke mai mugun nufi a wurin Allah. Wannan ya shafi gwamnoninmu na Najeriya ma, waɗanda dokar filaye ta 1978 ta ba ikon soke takardar mallaka don maslahar jama'a, in suka juya ta kan shagon ɗan adawa.

Hukuncin dai shi ne, janye gatan halal ne a asalinsa, wani lokaci ma wajibi, matuƙar don maslaha ne, aka bi masu irin wannan gata da ma'auni ɗaya, aka cika alkawuran da aka riga aka ƙulla, aka kuma kare masu bin bashi da ma'aikata. Janye shi don ladabtar da mai suka haramun ne, ko da mai sukar kan ɓata yake. In maganarsa ta karya wata doka sananniya, sai a kai shi gaban alƙali. Kai kuwa, kuɗinka naka ne. Kana da ikon ƙin sayen hajar Disney, ka hana yaranka kallon abin da ba ka yarda da shi ba, ka kuma kira wasu su yi haka. Wallahu a'alam.