Kada ka cire tamostat, fanka za ka fara dubawa

Ka ce motar tana zafi a cunkoso, da an hau babban titi sai kibiyar zafi ta sauka, kana tambaya ko cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in injin ya ɗau zafi, zai magance. A'a, yarona. A guje iska ce ke ratsa lagireto da kanta, a tsaye kuwa fanka kaɗai ke busa shi. To fanka za ka bi.

Tada injin, bar shi a silo, ka zuba ido. In kibiya ta wuce rabi fanka ba ta tashi ba, duba fiyus, sai rile, sai na'urar jin zafi. Ba fankar wuta kai tsaye daga batir. In ta juya, lafiyarta ƙalau, laifin yana hanyar da wuta ke zuwa mata. In ta ƙi, ta ƙone.

Da a titi take zafi, da lagireto za mu zarga ko famfon ruwa. Kashe injin, shafa jikin lagireton a hankali. Inda ka ji sanyi alhali gefe na zafi, nan ya toshe. Yawanci aikin ruwan rijiya ne, yana barin gishiri da tsatsa a cikin ƙananan bututun. Kulan, wato ruwan sanyaya inji, ake zubawa, rabi da rabi da tataccen ruwa.

Shi tamostat gwada shi ake yi. Jefa shi a ruwan da ke kan wuta, ya kamata ya buɗe wajen digiri 82 zuwa 88. In ka cire shi, injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya riƙa shan fetur yana cin jikinsa.

Kada ka raina murfin lagireto. Matsin da aka rubuta a kansa, bar 0.9 ko 1.1, shi ke hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120. Robarsa ta mutu, ruwa zai tafasa tun a 100. Kuma don Allah kada ka buɗe shi da zafi, tururin nan yana saɓule fata.

Kibiya zafin ruwa kawai take nunawa. Na baƙin mai sai da kwamfuta, a motar da ke karanta shi: 90 zuwa 110 daidai ne, ya haura 130 ya tsinke, metal, wato boris ɗin da karanshaf ke juyawa a kai, na cikin haɗari. Zaro sandar awon mai ka duba. In ya koma kamar shayi da madara, ko lagireto na kumfa, gaskit ya ƙone. Kada ka sake tada ta, kira ni mu sauke kan injin.