Ku Tambayi Likitan Iyali: Nauyin da Ya Tsaya, Bakin da Bai Buɗe Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. 'Yata ta cika wata 10. Tun tana wata 7 nauyinta kilo 6.8, duk awon da muka je bai motsa ba. Tana shan nono, ina ba ta koko sau uku a rana, kuma sau biyu ta yi gudawa a 'yan watannin nan. Kakarta ta ce haƙori ne, idan ya gama fitowa za ta murmure. In jira?
Uwa daga Funtuwa

AMSA: Wa'alaikumus salam. Baiwar Allah, kada ki jira. Abin da ya fi damun mu ba kilo 6.8 ɗin ba ne, tsayawarsa wuri ɗaya har wata uku. A wannan shekaru yarinya kan ƙara gram 200 zuwa 300 kowane wata. Ki buɗe katin awonta ki dubi ɗigon da ake yi mata duk zuwa. Idan aka haɗa su da layi, ya kamata layin ya riƙa hawa. Layin da ya kwanta ko ya sunkuya yana nufin akwai matsala, ko da yarinyar tana wasa tana dariya.

Haƙori kan jawo dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi, amma ba ya kawo gudawa, ba ya tsayar da girma. Lokacin fitowarsa ne ya zo daidai da lokacin da yaro ke rarrafe yana kai komai baki, kuma aka fara ba shi abincin da ba nono ba. Gudawar daga nan take. Muna girmama kakanni, amma wannan magana ta "haƙori ne" ta sa an makara da yara da yawa.

Mu koma kan kokon. Cikin yarinya mai wata 10 bai wuce ƙaramin kofi ba, kimanin mililita 200 zuwa 250. Idan kika cika shi da koko mai ruwa-ruwa, ta ƙoshi da ruwa ne, abincin da ke ciki kaɗan ne. Ki gwada haka: ki ɗebi kunun a cokali ki karkata shi. Idan ya zuba kamar shayi, ya yi tsinkewa. Wanda ake so shi ne mai kauri da zai maƙale a cokalin, ya sauka a hankali.

Ga haɗin da za ki iya yi a gida. Gwangwani 6 na gero ko dawa, gwangwani 3 na waken soya, gwangwani 1 na gyaɗa. A soya waken har ya yi ƙamshi, a ɓarza a sheƙe ɓawon, a soya gyaɗar daban, sannan a niƙa duka tare a adana a mazubi mai murfi. Duk damawa ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja. Ki riƙa sauya abin da kike ƙarawa: yau dafaffen ƙwai da aka murƙushe, gobe garin busasshen kifi da aka tankaɗe, jibi kabewa ko garin zogale. Rabin kofi a kowane ci, sau uku zuwa huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa tsakani kamar ayaba ko gwanda. Ki ba ta a kwanonta ita kaɗai don ki san abin da ta ci, ki zauna da ita ki lallaɓa. Ɗura kuma a bar ta, tana iya tura kunu cikin huhu. Nono ya ci gaba har shekara 2.

A wannan makon ki kai ta asibiti a yi abu uku. A auna damtsenta na hagu da tef mai launi, a tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne; sama da haka kore. A danna bayan ƙafafunta biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan wurin ya lotsa bai taso ba, kumburin tamowa ne, kuma wannan ba ya jiran gobe. Sannan a binciki abin da ke cinye ta a ɓoye: ƙarancin jini, maleriya, sikila, ciwon fitsari, da tarin fuka idan akwai mai tari a gidan. Ki tambaya ko ta samu allurar ƙyanda ta wata 9 da ɗigon bitamin A da ake bayarwa duk wata shida. Idan aka ba ki abincin tamowa na gyaɗa mai zuwa a leda, magani ne na ita kaɗai, ba a raba shi da yayyenta, ba a dama shi da ruwa. Gudawa kuma idan ta dawo, ruwan gishiri da sukari na asibiti bayan kowane bahaya, da ƙwayar zinc miligram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, kuma kada a daina ba ta abinci.

TAMBAYA: Likita, ɗana yana da shekara 2 da wata 3, ko "Mama" ba ya cewa. Idan yana son abu sai ya ja hannuna. A gida muna yin Hausa da Fulatanci, wasu sun ce shi ya rikita shi, wasu sun ce a kai shi wurin wanzami a yanke linzami.
Uba daga Gombe

AMSA: Malam, harshe biyu ba ya hana yaro magana, kuma a bar wa yaron nan linzaminsa. Zaren ƙarƙashin harshe, ko da ya yi gajere, yana iya shafar shan nono ko furta wasu haruffa, amma ba ya hana kalma fitowa gaba ɗaya. Yankan kuma yana zuwa da zubar jini da haɗarin cuta.

Yawancin yara suna gwaranci kafin wata 9, su faɗi kalmar farko wajen shekara 1, su haɗa kalma biyu kamar "ba ni" ko "Baba zo" wajen shekara 2. Ɗanka ya wuce lokacin zuba ido. Abu na farko shi ne gwajin ji, a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti. Kada ka dogara da cewa yana juyowa idan an buga ƙofa, domin yaron da jinsa ya ragu yana iya jin ƙara mai ƙarfi amma muryar mutum ta wuce shi. Ka shirya wa likita amsar waɗannan: ya yi kuka nan take da aka haife shi? Ya yi shawara mai tsanani a makon farko? Ya taɓa sanƙarau, ƙyanda, jijjiga, ko kunne mai zubar da ruwa? Duk suna iya taɓa ji ko ƙwaƙwalwa.

Ka kuma lura da shi kwana biyu. Idan ka kira sunansa yana waiwayowa? Yana haɗa ido da kai? Yana nuna maka abu da yatsa don kawai ka gani? Idan ka ce "kawo takalminka" ba tare da ka nuna ba, yana kawowa? Yaron da yake yin duk waɗannan, fahimtarsa lafiya take, sau da yawa maganar na tafe. Wanda ba ya yinsu, ko ya taɓa faɗin kalmomi suka ɓace, yana bukatar likitan yara ya duba shi saboda galahanga da makamantanta. Kafin nan, a janye masa waya. Ku riƙa faɗa masa sunan abin da yake kallo da gajerun kalmomi, "ruwa", "akuya", "zafi", ku ɗan dakata ku ba shi damar amsawa. Kowa ya yi masa harshen da ya fi iyawa.

TAMBAYA: Ƙafafun jikana mai shekara 3 sun lanƙwashe kamar baka, wuyan hannunsa kuma ya yi kauri. An ce zai miƙe da kansa.
Kaka daga Jos

AMSA: Hajiya, kafin shekara 2 ɗan lanƙwasa ba komai ba ne, yakan miƙe. A shekara 3, tare da kaurin wuyan hannu, muna zargin laushin ƙashi. Binciken da aka yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa a yaran yankin ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban dalili, domin rana ba ta yi mana ƙaranci ba. Ki tsayar da shi, idon sawu ya taɓa idon sawu, ki auna tazarar gwiwoyinsa. Idan ta wuce santimita 6, ko ƙafa ɗaya ce kawai ta lanƙwashe, a kai shi a ɗauki hoton wuyan hannu da gwiwa. Maganin kalsiyam ne da bitamin D na wata uku zuwa shida bisa awon likita, kuma miƙewar ƙafar kan ɗauki lokaci fiye da haka. Kada a kai shi wurin mai ɗori, ba karaya ba ce. A gida a yawaita masa kindirmo da madara, ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, miyar kuka da zogale.