Tambayoyinku Kan Fasaha: Me Ya Hana Tsofaffin Gem Ɗin Intanet Sauya Salon Faɗa?

Saƙonnin wannan makon sun karkata ne wajen manyan gem ɗin intanet, irin waɗanda dubban mutane ke shiga duniya guda, kowa da jaruminsa, ana yaƙar dodanni tare. Na zaɓi guda huɗu, duk daga nan Jos.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Unguwar Rogo: Malam, yayana ne ya saka ni a World of Warcraft. Duniyar ta burge ni, amma faɗan bai yi mini ba. Sai ka danna Tab ka zaɓi dodo, sannan ka tsaya kana latsa 1, 2, 3. A Black Desert da hannuna nake saiti, nake kaucewa. Me ya sa kamfani mai kuɗi haka ba zai zamanantar da abin ba?

Ƙanena, ƙorafinka yana da tushe. Duk wanda ya taɓa buga irin wannan gem ya san takaicin: yatsun hagu suna kan maɓallan tafiya W, A, S, D, ka miƙa ɗaya ka taɓa Tab kana nufin dodon da ke gabanka, sai alama ta tsallake ta faɗa kan wani can nesa a bayansa. Kafin ka ankara ka sake masa kibiya, garken duka ya taso muku, abokan tafiya suna tambayar wa ya jawo.

Sai dai ba lalaci ne ya kawo tsarin ba. EverQuest ya fito a 1999, RuneScape a 2001, World of Warcraft a 2004. A wancan lokacin mutane da yawa ta layin tarho suke shiga intanet, saƙo yana daɗewa a hanya. Masu ƙira suka nemi dabarar da jinkiri ba zai ɓata ta ba. Idan ka zaɓi dodo ka danna sara, abin da kwamfutarka ke aika wa sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da ke tafiyar da duniyar gem ɗin, gajere ne: wane ya yi sara kaza a kan wane. Sabar ta duba ko kana kusa, ko babu katanga a tsakani, ta yi lissafi ta fitar da sakamako. A tsarin saiti da hannu kuwa, dole ta san inda takobinka ya bi da inda dodon yake a daidai wannan ƙiftawar ido, ta yi hakan wa kowane mutum a filin. Bambancin kamar na mai ba yaro saƙo ya ce kai wa wane, da mai jefa saƙon daga nesa yana fatan wanen bai matsa ba.

Har ɗan dakatawar da kake ji tsakanin sara da sara da gangan aka sa ta. A World of Warcraft asalinta daƙiƙa ɗaya da rabi ce, a Final Fantasy XIV daƙiƙa biyu da rabi. RuneScape kuwa duk duniyarsa tana motsi ne taki-taki, kowane taki kashi 6 cikin 10 na daƙiƙa. A cikin wannan tazara jinkirin layi yake ɓuya.

To me zai hana a tumɓuke a sake? An gwada, kuma an ji jiki. A Nuwamban 2005 kamfanin Sony Online Entertainment ya juya Star Wars Galaxies gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. Sana'o'in jarumai sama da 30 aka mayar da su 9, faɗa ya koma na saiti da harbi, matsayin Jedi, wato manyan mayaƙa masu takobin haske, da mutane suka yi watanni suna wahalar nema ya zama abin da sabon shiga zai zaɓa ranar farko. Tsofaffin 'yan wasa suka watse da yawa, kuma a Disambar 2011 aka rufe gem ɗin.

Labarin RuneScape ya fi koyarwa. A Nuwamban 2012 kamfanin Jagex na Ingila ya kawo sabon tsarin faɗa mai jerin maɓallai da dabaru, a madadin tsohon salon danna dodo ka bar jarumi ya yi ta sara. Jama'a suka yi ca. Da matsin ya yi yawa, kamfanin ya tono ajiyayyen kwafin gem ɗin na Agustan 2007, ya sa aka kaɗa ƙuri'a, mutum kusan 450,000 suka ce a dawo da shi. A Fabrairun 2013 aka buɗe Old School RuneScape, kuma yau shi ya fi sabon cika. Tun daga nan yawancin sababbin abubuwa ba sa shiga tsohon sai 'yan wasa sun amince da gagarumin rinjaye. Shi ma sabon, a 2014 sai da aka ƙara masa zaɓin komawa salon da.

Dalilin bai tsaya ga son abin da aka saba ba. Faɗa shi ne abin da aka gina komai a kansa. Kowane dodo, kowane kogo, kowane takobi da aka zuba cikin shekara ashirin, an auna ƙarfinsa ne da tsohon tsari. Ka sauya yadda ake kai sara, sai ka koma ka sake auna dubban abubuwa. Ga mai warkarwa a tawagar mutum 20, wanda aikinsa duba layukan lafiyar abokai yana zaɓar mai bukata. Idan aka ce sai ya saita kowa da hannu a cikin turmutsutsu, aikin nasa ya zama wani abu daban. Ko Final Fantasy XIV, da aka rufe a 2012 aka sake gina shi daga tushe ƙarƙashin sabon daraktansa Naoki Yoshida ya dawo a Agustan 2013, bai yar da zaɓen abokin gaba ba. Motsi aka ƙara masa: alamu a ƙasa da dole ka fice daga cikinsu.

Ni a ganina hanyar da ta dace ita ce a ƙara zaɓi, a bar tushe. Guild Wars 2 ya nuna ana iyawa: tun 2012 yana da zaɓen abokin gaba haɗe da tsallen kaucewa, a 2015 kuma ya ƙara kyamarar saiti ga mai so. World of Warcraft ɗin da kake kuka da shi ma ya bi sahu. Tun 2022 akwai zaɓin da gem zai riƙa kama dodon da ka fuskanta da kansa, ba sai ka taɓa Tab ba, akwai kuma wanda zai ba ka damar ɗora maus kan mutum ka sake masa dabara ba tare da ka zaɓe shi ba. Shiga saitin faɗa ka kunna su. Ba zai koma Black Desert ba, amma hannunka zai sami sauƙi sosai.

Tambaya, daga wani mai shagon gem a Farin Gada: Ranka ya daɗe, yara suna ƙorafi. Jan da'ira za ta fito a ƙasa, yaro ya fice sarai muna kallo, amma a buge shi ya mutu. Kwamfutocin ne suka gaza, in ƙara musu kaya?

Maigida, kada ka kashe kuɗinka tukuna. Matsaloli biyu ne ake yawan haɗawa. Idan hoto yana sarƙewa ko yaron yana tsaye shi kaɗai a fili, wannan na kwamfuta ne. Idan hoto sumul yake amma duka yana samun wanda ya riga ya kauce, wannan nisa ne.

Mu yi lissafi. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200 a kowane kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wato milisakan guda. Saƙon yaron zai bar Jos, yawanci ya gangara Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku. Wayar MainOne da ta fara aiki a 2010 tsawonta kusan kilomita 7,000 ne zuwa Fotugal, zuwa da dawowa milisakan 70 ke nan. Ƙara tafiyar Jos zuwa Legas, ƙara Fotugal zuwa Jamus inda sabar Turai da yawa suke, ka riga ka kai wajen milisakan 100 tun ba a sa jinkirin eriya da cunkoson yamma ba. Idan kuma sabar Amurka yaran suka shiga, abin ya ƙaru sosai.

Ma'ana, abin da yaron ke gani a allo ya riga ya faru, kuma matsawar da ya yi ba ta isa can ba tukuna. A wurinsa ya fita, a wurin sabar ƙafarsa na ciki. Final Fantasy XIV yana da wani hali da ke ƙara rikita sabon shiga: ana yanke hukuncin wa duka ya samu ne a lokacin da alamar ƙasa ta ɓace, ba lokacin da wuta ko guduma ta sauka a hoto ba. Ka koya musu su bi alamar, su daina jiran ganin saukar dukan, kuma su tashi da wuri.

Abin da ke hannunka shi ne ka tabbatar kowa yana sabar Turai, ka ja waya daga rauta zuwa kowace kwamfuta maimakon Wi-Fi, ka hana saukar da manyan faya-fayai lokacin da ake wasa. Idan layin wayar salula kake amfani da shi, matsar da rautar kusa da taga, ka gwada kamfanoni daban-daban da yamma, don a lokacin ne gaskiyar layi ke fitowa. Lambar jinkiri da ke tsaye a milisakan 140 ta fi wadda ke tsalle tsakanin 90 da 300, domin hannu yana sabawa da jinkirin da bai canzawa. Manhajojin da ake tallata cewa suna rage jinkiri kan taimaka ne kawai idan saƙonka yana bin doguwar hanya ba dalili. Tsawon teku ba sa rage shi.

Wannan ne ma ya sa nake damuwa idan na ji ana kiran a mayar da kowane tsohon gem na saiti zalla. Masu kiran yawanci suna zaune kusa da sabar. Mu da ke nan, tsohon tsarin ne ya ba mu damar shiga tawaga ɗaya da ɗan Jamus mu yi abin kirki, ba a gane daga ina muke ba sai mun faɗa.

Tambaya, daga wata 'yar'uwa a Rikkos: Ba ni da kwamfuta, sai waya. Akwai wanda zan iya bugawa?

Akwai, 'yar'uwa. Old School RuneScape yana waya tun Oktoban 2018, yana da ɓangaren kyauta, ba ya wahalar da ƙaramar waya, kuma taɓa dodo kawai za ki yi. Ki zaɓi duniya mai tutar Birtaniya ko Jamus. Albion Online ma kyauta ne, ya zo waya a 2021, ya buɗe sabar Turai a 2024, sai dai wasu dabarunsa na bukatar saiti, kuma a wasu yankunansa idan aka kashe ki za a kwashe kayan jikinki. Ki fara da na farkon.

Tambaya, daga wani magidanci a Bauchi Road: Na ji an kawo maɓalli guda da zai riƙa yi maka faɗa. Wannan ba ha'inci ba ne ga mu da muka sha wahalar koyo?

Alhaji, haka ne, a tsakiyar 2025 World of Warcraft ya kawo abu biyu: ɗaya yana haska maka dabarar da ta kamata ka danna a gaba, ɗayan kuma maɓalli guda ne da kake ta latsawa yana zaɓar dabarar da kansa. RuneScape ya riga shi tun 2014 da tsarin da ke sakin dabaru bi da bi.

Ban ɗauke shi ha'inci ba. Kamfanin ya sa wa maɓallin haraji: mai amfani da shi yana jira tsakanin sara da sara fiye da mai yi da hannunsa, don haka gwani yana nan gabansa. Kuma maɓallin ba ya fitar da kai daga wuta, ba ya gaya maka wane dodo za a fara kashewa ko yaushe za ka ja da baya. Ka tuna da mai lalurar hannu, da dattijon da yatsunsa suka daina biye masa, da wanda ya dawo aiki a gajiye yana da rabin awa kafin a ɗauke wuta. Waɗannan mutane da can barin gem ɗin suke yi, kuma tsohon gem da sababbi ba sa shiga rufe shi ake yi.

Inda zan goyi bayanka shi ne idan aka wayi gari maɓallin ya kamo mai yi da hannu, ko aka fara tsara manyan dodanni don su dace da shi. Idan ɗanka ko ƙaninka zai fara, ka sa masa na haskawar maimakon maɓalli gudan, domin da shi zai riƙa ganin dabarar da ke biye da wata har hannunsa ya riƙe.